Ana Neman Baban Yara

Jama'a, ranar Litinin ɗin nan an kira sunan yayana sau uku da lasifika a Dutse, ni da shi muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a cikin layi, amma babu wanda ya amsa a cikinmu. Ba kurumta ba ce, ba kuma girman kai ba. Sunan ne ba mu taɓa jin sa ba tun da aka haife mu.

Ku yi haƙuri in faro muku daga tushe, don ni ban iya kama labari daga tsakiya ba. Wannan gadon Dada ne, mahaifiyarmu, kuma za ku ga amfaninsa a gaba.

Masu leƙa wannan fili sun san ni, Zailani mai faci, nan bakin titi a Takur. Bokona bai wuce firamare ba, rubutun nan ma a waya nake lallaɓa shi tsakanin taya da taya. Amma gida yana Rugar Kanya, can gefen Miga. Kakanninmu da garke suka zo wurin, mu kuma muka tashi muka tarar da garma. A yau abin da ya rage mana na shanu saniya ɗaya ce, Tauraruwa, mai farin tabo a goshi. Jikanyar jikanyar karsanar da aka ba Dada ranar aurenta ce.

Bana a watan Agusta kogi ya karya jinga ya shigo mana. Shinkafar Yaya Abdulbaƙi ta fara ciki, geronsa ya fara fitar da kai, ruwa ya kwanta a kansu kwana tara. Inda aka shuka riɗi, tarwaɗa muka riƙa kamawa. Rumbunmu ya zauna a ƙasa kamar tsohon da ya gaji.

Sai Allah ya kawo mana Kwamitin Share Hawayen Manoma. Sun zo a kwalekwale, kowa da rigar hana nutsewa mai ruwan lemo, har da wanda ya tsaya a kan tudu. An ce mini minti arba'in suka yi a garin, ashirin daga ciki hoto aka yi. Ban ga laifinsu ba, in babu hoto wa zai yarda an yi ambaliya? Na ce "an ce mini" ne saboda ban gan su ba. A ranar duk namijin da zai iya ɗaga buhu yana bakin kogi, muna cika buhuna da ƙasa muna toshe inda jinga ta ɓalle. Mata kawai suka tarar a gida. Suka bi gida-gida suna rubuta sunayen masu gona, suka koma kwalekwalensu.

Wata biyu shiru. Sai makon jiya aka aiko cewa kowane manomi ya zo Dutse da katinsa na ɗan ƙasa a tantance shi, a ba shi irin alkama da taki da ɗan kuɗin man injin ban-ruwa, ya yi noman rani ya rage asara. Ga Yaya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Alkama ba ta jiran kowa, in sanyi ya yi nisa ba a shuka ba, an yi sallama da ita. Ya riga ya faɗa a gida: in tallafin bai fito ba, ranar Lahadi zai ja Tauraruwa zuwa kasuwar Gujungu ya sayi iri da kuɗinta. Da ya faɗa, sai Dada ta tashi ta je ta ƙara wa saniyar harawa.

To, ranar Litinin muka hallara. Kafin a fara kiran suna, sai da Mai Girma Garkuwan Masu Kuka, wato Shugaban Kwamiti, ya yi mana jawabi. Mutum ne mai kyan murya, babbar rigarsa kuwa in aka shimfiɗa ta za a shanya shinkafa buhu biyu. Ya ce bana ba irin shekarun baya ba ce, bana an kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ba a yi mata wayo.

"Ina mai farin cikin shaida muku," in ji shi, "na'urar nan ta kama wani mutum guda ɗaya tak da ya yi rajistar gona goma sha huɗu, a gida goma sha huɗu, da mata goma sha huɗu, duk a ƙauye ɗaya!"

Wuri ya ɗauki salati. Malam Arzika, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu kafin ruwa ya ɗauke ta, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Mata goma sha huɗu! Ranka ya daɗe, wannan ai ya wuce ɓarawo, sai an haɗa shi da malamai. A wane gari yake?"

Mai Girma ya duba takarda. "Rugar Kanya. Sunansa Baban Yara. Mun dakatar da kasonsa duka, kuma muna neman sa."

Malam Arzika ya juyo ya kalle ni, ya rage murya. "Zailani, wane ne wannan a garinmu? Ni mata ɗaya gare ni, ita ma da ƙyar nake sayen sabulu."

Na ce wallahi ban san shi ba, ƙila baƙo ne.

Aka shiga kiran suna. Can sai muka ji, "Maisuna Malam! Maisuna Malam daga Rugar Kanya!" Muka waiga hagu, muka waiga dama. Sau uku. Yaya har yana cewa, "Allah sarki, bawan Allah ya yi asara, ko ba shi da lafiya ne." Aka gama kira, rana ta karkata, babu sunan Yaya, babu na Malam Arzika, babu na wasu mutum goma sha uku 'yan garinmu.

Muka lallaɓa teburin wata ma'aikaciya, Malama Zulfa, wadda na'urar take gabanta. Mace ce mai haƙuri, Allah ya saka mata. Ta ce kowace rajista tana ɗauke da hoton wanda ya ba da bayani, bari ta buɗe na garinmu mu duba. Tana buɗe Maisuna Malam, sai ga Dada a gaban rusasshen rumbunmu, ta kawar da kai gefe, ta rufe baki da mayafi.

Nan take na gane abin da ya faru.

Kun dai san iyayenmu mata. Yaya ɗan fari ne, kuma sunan kakanmu Malam aka mayar masa, wato surukin Dada. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Shekararsa talatin da takwas, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana son sa sai ta ce mini, "Kira mini wancan." In yana zaune a gabanta ma, ni take gaya wa in gaya masa. To, ma'aikaci ɗan birni ya tsaya a gabanta ya ce, "Baba, sunan mai gona?" Ita kuma ta ba shi iyakar abin da bakinta zai iya: "Mai sunan Malam ne." Shi kuwa bawan Allah ya rubuta tsakaninsa da Allah. Suna, Maisuna. Sunan uba, Malam.

Malam Arzika yana ta dariya har da riƙe ciki, sai Malama Zulfa ta buɗe Baban Yara. Hoto na ɗaya, matar liman. Na biyu, matar mai shayi. Na shida, Inna Rakiya, matar Malam Arzika, tana kallon ƙasa da ludayi a hannu. An tambaye su sunan mai gona, kowacce ta faɗi abin da take kiran mijinta da shi.

Dariyar Malam Arzika ta tsaya. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"Ashe ni ne ɓarawon," in ji shi. "Ko dai in ce kashi ɗaya cikin goma sha huɗu na ɓarawon."

Malama Zulfa ta yi dariya har sai da ta goge ido da bakin hijabi. Da ta natsu sai ta ce akwai matsala. Dokar kwamiti ta ce wanda ya ba da suna shi zai gyara suna, da bakinsa, a gaban Shugaba, don kada wani ya zo ya ci kason wani. Kuma ranar Alhamis ƙarfe biyu ake rufe gyara. Yaya ya miƙa mata katinsa na ɗan ƙasa. Ta duba, ta mayar masa da hannu biyu.

"Malam, katin nan ya nuna kai ne Abdulbaƙi. Bai nuna kai ne Maisuna Malam ba."

Jama'a, ni ba na cikin masu zagin manya. Mutanen nan sun yi ƙoƙari. Na ji an ce kafin su fito aikin nan sai da suka yi taron bita na kwana uku a otal, a kan yadda ake hulɗa da mutanen karkara, har da jaka da biro aka raba. An gayyato masana daga nesa. Abin da kawai aka manta shi ne a gayyato uwar ɗaya daga cikinsu. Da ta zo, da kafin shayin safe ya huce ta gaya musu kada su tambayi matar aure sunan mijinta, kuma da ba ta karɓi kuɗin zama ba. Amma ina ruwana, ni mai faci ne. Ni ma wani lokaci nakan yi ta neman huji a taya, ashe bakin tiyub ne yake zuƙewa.

Ranar Talata na rufe rumfata na bi Yaya gida. Na tarar da Dada tana tatsar Tauraruwa, tana yi mata hira. Ita saniyar dai tana jin sunanta a bakin Dada sau ashirin a rana. Na tsuguna na zayyana mata komai. Ni auta ne, babu kunya a tsakaninmu, sunana ma har da ƙari take kira.

"Zailani ɗan nema, kai da kake zaune a birni, ba ka gaya musu ba a yi ba?"

"Dada, ba su ba ne, na'ura ce."

"Ita na'urar ba ta da uwa?"

Yaya yana tsaye a bayanmu yana ji. Ya ce, ni yake kallo amma da ita yake, "Ka gaya wa Dada ta kwantar da hankalinta. Ba za a tsayar da ita a gaban maza baƙi a sa ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba saboda buhun alkama. Saniya ce, Allah zai ba da wata."

Dada ta ci gaba da tatsa. Sai ƙarar nono a cikin ƙwarya kawai ake ji.

Ranar Laraba Yaya ya fito da sabuwar igiya ya rataye a turke. Dada ta wuce ta gabanta sau uku ba ta kalle ta ba. A gidan Malam Arzika kuwa muna jiyo su ta inda katanga take a da.

"Rakiya, suna ne fa kawai. Ni na yafe, na ba ki izini, ki faɗa."

"Malam, shekara ashirin da bakwai ban faɗa a ɗaki ba, sai a gaban lasifika? Kai ba ka jin kunya, ni ina ji."

"To kunyar za mu dafa?"

"In ka kawo itace."

Ranar Alhamis bayan sallar asuba, na fito na ga Dada a tsakar gida ta sha mayafinta na zuwa biki, ga carbi a hannu. Ta ce, "Ka ce wa wancan ya sauke igiyar nan. Ku tashi mu je in ga na'urar." Da sauran matan suka ji Dada za ta, su ma suka ɗauko mayafai. Bas guda muka cika, mata goma sha biyar a kujeru, mazansu a tsugune a baya kamar an kamo su.

Ƙarfe tara muna ofis. Mai Girma ya iso ɗaya da rabi. Masinja ya raɗa mana cewa mu yi sauri, ƙarfe biyu yana da wani taro a kan hanyoyin gaggauta biyan tallafi. Aka shigar da Dada farko don ita ce babba.

"Sannu Hajiya," in ji Mai Girma.

"Ban je ba tukuna, ɗana. Ka sa mu a addu'a."

"To, Baba. Sunan mai gonar kawai za ki faɗa. Kalma ɗaya, mu sallame ki."

Fanka tana juyawa. Dada ta dubi carbin da ke hannunta. Yaya ya matso ya ce, a karo na farko kai tsaye ba ta bakina ba, "Dada, ki bari. Mu tafi gida." Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta kalle shi ba.

"Ɗana," ta ce wa Mai Girma, "ka ce da bakina?"

"Da bakinki, Baba. Haka doka ta ce."

"To, bismillahi."

Ta gyara zama, ta kama ƙwayar carbi ta farko, ta fara jero sunayen Allah kyawawa. Arrahmanu. Arrahimu. Almaliku. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ta koya a makarantar matan aure, kowane suna sai ta ja shi ta sauke shi lafiya kafin ta ɗauki na gaba.

Mai Girma ya buɗe baki, ya rufe. Ya kalli agogo. Ya kalli direbansa da ke bakin ƙofa yana kaɗa makulli. To amma wane ne zai katse tsohuwa tana ambaton Allah? Ko mai kujera goma ne bai isa ba. Ta kai wajen na arba'in da wani abu, sai wayar Mai Girma ta yi ƙara. Dada ta tsaya cak.

"Ka ɓatar da ni, ɗana. Ni kuma ban iya kamawa daga tsakiya ba."

Ta koma Arrahmanu.

Wallahi jama'a, ban taɓa ganin an kashe wayoyi da sauri irin na ranar ba. Mai Girma da kansa ya zare wa direba ido ya daina kaɗa makulli. Mu da muka yi wata biyu da awa huɗu da rabi muna jiran sa, sai ga shi yana jiran Dada, hannu a kan gwiwa kamar ɗalibi. Matan da ke baranda suka kama, suna bin ta a hankali. Malama Zulfa ta kama. Masinja ya kama. Wajen na saba'in na ga leɓen Mai Girma shi ma yana motsi.

Annuru. Alhadi. Albadi'u. Albaƙi.

Dada ta riƙe ƙwayar carbin, ba ta sake ta ba.

"Nan," in ji ta. "Bawansa ne."

Malama Zulfa ba ta jira kowa ba, ta buga a na'ura: Abdulbaƙi. Mai Girma ya yi gyaran murya ya ce, "Amma dai doka ta ce..."

"Da bakinta ta faɗa, ranka ya daɗe," in ji Malama Zulfa. "Duk mun ji."

Na waiga na kalli Yaya. Ƙaton mutum mai gemu, wanda ya tsaya a cikin ruwa har ƙirji yana riƙe buhun ƙasa bai ce uffan ba, sai ga shi ya ɗaga kai yana kallon fanka, yana ƙifta ido. Can ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai na ji, ya ce, "Na'am, Dada."

Ita kuwa ko kallon sa ba ta yi ba. Ta ƙarasa ukun da suka rage, don ba a barin su a hanya. Na ƙarshen shi ne Assaburu, Mai haƙuri. A nan ne duk manoman da ke baranda suka amsa da ƙarfi, don wannan sunan mun fi kowa sanin sa.

Ƙarfe biyu ta riga ta wuce. Mai Girma ya miƙe ya sanar cewa, bisa sabon tsarin da ya daɗe yana nazari a kai, an ƙara lokaci zuwa la'asar, kuma mace tana iya faɗin sunan ta hanyar kwatance. Muka yi masa tafi, ai ya cancanta. Matar Ɗanladi ta ce, "Ranar da ake cin Gujungu aka haife shi," aka rubuta. Matar liman ta ce sunan annabin da kifi ya haɗiye, aka rubuta. Aka zo kan Inna Rakiya. Ta ja mayafi ta ce:

"Abin nan ne da talaka yake wuni yana nema bai samu ba."

"Tallafi?" in ji Malama Zulfa.

"A'a."

"Fetur," in ji masinja.

"Taki!" in ji wani daga baranda.

Mai Girma ya yi murmushi irin na wanda ya yi karatu, ya ce, "Arziki."

"Ka taɓa shi, ranka ya daɗe. Sai dai ka buɗe bakinsa a ƙarshe."

Malam Arzika ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya ja zamanin Shugaba! Ashe dai kun san abin da muke nema."

Da yamma muka koma gida da buhunan iri da taki a saman bas. Kuɗin mai an ce yana hanya, kuma ban tambayi wace hanya ba, kada in zama mai butulci. Yaya da Malam Arzika sun shirya za su haɗa inji ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Igiya ta koma ɗaki. Tauraruwa tana turkenta, Dada tana yi mata hira, kuma in tana son Yaya har yanzu ni take cewa in kira mata wancan.

Jiya Juma'a ina faci na ji a rediyo kwamiti ya ba da sanarwar nasara biyu: ya wargaza gungun Baban Yara, sannan ya gano sababbin manoma goma sha huɗu da ba a taɓa sanin da su ba. Allah ya ƙara basira.

Ni dai na ɗauki darasi. Wata biyar ke nan da aurena, amaryata Na'ima tana can gida wajen Dada, kuma ina da 'yar gonata a bakin fadama. Na tambaye ta in masu rigar lemo sun dawo baɗi ba na nan, me za ta ce musu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai in ce mai faci." Sunana kuwa ba ya cikin casa'in da taran nan, ba kuma ranar kasuwa aka haife ni ba. Don haka na samo gawayi na rubuta ZAILANI da manyan baƙaƙe a bangon zaure, na ce in sun zo ta nuna musu da yatsa kawai. Ta tsaya ta duba, ta ce rubutun ya yi kyau, sai dai ai bangon ruwa yake fara ɗauka.

Saboda haka, ranku ya daɗe, in baɗi na'ura ta kawo muku wani Maifaci Takur, don Allah kada a sa cigiya. Ni ne.